Yawon Shaƙatawa a Kan Ruwa

 Ni mutumin Sule Tankarkar ne a ƙasar Gumel, kuma duk wanda ya san garinmu ya san ba mu da kogi. Ruwanmu na rijiya ne da na famfon burtsatse, sai kuwa na kududdufi da damina, wanda ba ya kaiwa tsakiyar ɗari sai ya ƙafe. Saboda haka har na cika shekara 16 ban taɓa sa ƙafata cikin jirgin ruwa ba, ban ma taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba. A hutun Disamban da ya wuce ne Allah ya nufa na yi kwana uku ina yawo cikin kwalekwale tare da wani abokina. Abin da nake so in bayyana muku shi ne, mene ne yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, yadda mutanen wasu ƙasashe suke yin sa, da kuma irin wanda mu ma za mu iya yi a nan jiharmu, in mun san ƙa'idarsa.

Asalin maganar a aji ta taso. Wata rana malaminmu na labarin ƙasa yana koya mana ƙasashen zafi, sai ya nuna mana hoton wani jirgin ruwa a wayarsa. Da farko na ɗauka wani dogon bene ne aka gina a bakin teku. Da ya ce mana jirgi ne, kuma mutanen da ke ciki ba fatauci za su ba, ba kuma ziyara ba, yawo kawai suke yi, sai duk aji aka yi ta mamaki. Ni kuwa na ce a fili, "Wannan kam ba namu ba ne, sai dai mu gani a hoto." Abokina, wanda gadonsa yake kusa da nawa a ɗakin kwana, ɗan masunta ne daga wani ƙauye tsakanin Kirikasamma da Guri. Da muka fito sai ya ce mini, "Kai dai ba ka da labari. In ka biyo ni hutu, zan sa ka cikin jirgi ka yini ba ka taka ƙasa ba."

Bari in fara da na Turawa. Jirgin ruwa iri-iri ne. Akwai na kaya, akwai na fito, wanda aikinsa ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, akwai kuma na shaƙatawa. Bambancin na ƙarshen nan shi ne, wanda ya shige shi ba wani gari ya nufa ba, tafiyar ce da kanta abin nemansa. Yakan biya kuɗi, a ba shi ɗaki da abinci, jirgi ya yi ta zagawa da shi kwana bakwai ko fiye. Da dare ana tafiya, da safe a tsaya a wani tsibiri mutane su sauka su ga gari, da yamma su komo. Daga ƙarshe a mai da kowa tashar da ya tashi.

A da can, kafin jirgin sama ya yawaita, jirgin ruwa shi ne hanyar ƙetare teku. Ko a nan Nijeriya an yi wani jirgi mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster, wanda yake ɗaukar fasinja tsakanin Ikko da Ingila, tafiyar kamar mako biyu, har shekarar 1974 da aka dakatar da shi. To, da jirgin sama ya ƙwace fasinjoji, sai masu jiragen ruwa suka karkata ga sana'ar yawon shaƙatawa. Babbar tashar wannan sana'a ita ce Miyami a Amurka, daga nan ake tashi zuwa tsibiran yankin Karibiyan, irin su Jamaika da Bahamas. Jirgin da Malam ya nuna mana sunansa Icon of the Seas. A Finlan aka ƙera shi, ya fara aiki a ƙarshen watan Janairu na 2024. Tsawonsa mita 365, ya fi filin ƙwallo uku a jere ke nan. Hawa 20 gare shi, kuma zai iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. A Afirka ma ana yin irin wannan yawo, misali a Kogin Nilu na Masar, tsakanin Luksor da Aswan, ko da yake jiragen can ƙanana ne.

Mai karatu zai ce, me ya sa suke nufo ƙasashen zafi? Dalili shi ne sanyi. Daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara takan rufe arewacin Amurka da yawancin Turai, rana ba ta daɗewa ta faɗi, don haka mai hali yakan gudu ya nemi ɗumi. Ƙasashen zafi kuwa su ne waɗanda suke tsakanin digiri 23 da rabi arewa, da digiri 23 da rabi kudu da layin da ya raba duniya biyu. Da na duba taswira sai na ga Sule Tankarkar tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa. Ashe ranar da wasu suke kashe dukiya don su sha ta, mu a cikinta aka haife mu. Abin da muka rasa a garinmu ruwa ne kawai, shi kuwa ruwan yana nan gabas da mu, tafiyar da ba ta kai yini ba.

Amma fa samun izinin zuwa bai zo da sauƙi ba. Da na je hutu na durƙusa na gaya wa mahaifina, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mu mutanen tudu ne. A gidan nan kakana kaɗai na san ya taɓa shiga jirgin ruwa, shi ma don zai ƙetare Bahar Maliya zuwa Makka ne, ba don wasa ba." Inna kuwa cewa ta yi ruwa ba shi da abin kamawa, ita ba ta yarda ba. Sai da mahaifin abokina ya kira Baba a waya suka daɗe suna magana, kafin ya amince, bisa sharaɗi uku. Kada in shiga jirgi sai da babba wanda ya san ruwa, kada in yi tafiyar dare a kan ruwa, kuma duk abin da mai jirgi ya ce in yi, in yi ba musu. Kuɗin mota kuwa, ɗan akuyan da nake kiwo wana ya kai mini kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar.

Na tashi bayan sallar asuba zuwa Gumel, daga nan na hau motar Haɗeja, muka bi ta Malam Madori. A Haɗeja abokina ya tarye ni, muka nufi ƙauyensu, muka isa kafin la'asar. Tun daga hanya na ga ƙasa ta sake. A wajenmu a Disamba komai ya bushe, sai karan gero da ƙura. A nan kuwa ga kore ko'ina, ga ruwa kwance dama da hagu, ga mutane sun duƙufa a gonakin rani.

Tambayar da na fara yi ita ce, ina suka samu wannan ruwa, alhali kuwa damina ɗaya muke yi da su, wata uku zuwa huɗu? Amsar ita ce, yawancin ruwan ba nasu ba ne, baƙo ne daga kudu, inda aka fi mu samun ruwan sama. Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin Jihar Kano, ya haɗu da Kogin Calawa kafin a kai Wudil, su zama Kogin Haɗeja, ya gangaro ta ƙasar Ringim. Shi kuma Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake fitowa. Da kogunan nan suka iso gabashin Haɗeja, sai suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba ta da gangare sosai, ga kuma tsofaffin jigayin yashi a jere sun tare musu hanya. Saboda haka sai ruwan ya rarrabu rassa-rassa, ya malale cikin kwarurukan da ke tsakanin jigayi. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru. Ɗaya daga cikin rassan shi ne rafin Marma, wanda yake zuba cikin tafkin Nguru. Abin da ya rage na ruwan yakan taru ya zama Kogin Yobe, ya wuce ta Gashuwa da Gaidam, ya nufi Tafkin Cadi.

Kawun abokina shi ne mai jirginmu, dattijo ne mai furfura, marar yawan magana. Kwalekwalensa na katako ne, ba inji. Shi yana tsaye a baya yana tura shi da doguwar gwangwala, abokina kuma yana zaune a gaba da itacen tuƙi. Kafin in shiga sai da ya tsai da ni ya ce, "Yaro, ka iya ruwa?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "Madalla da ka faɗi gaskiya. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, shi yake ba mu wahala." Ya ba ni wata rigar kariya mai ruwan lemo, irin wadda take hana mutum nitsewa, ya ɗaure mini ita da kansa. Sa'an nan ya koya mini ƙa'ida huɗu. In taka tsakiyar jirgi ba gefensa ba, in zauna ƙasa-ƙasa, kada in miƙe tsaye ana tafiya, kuma in na ga abin kallo kada in zabura gefe guda. Ya miƙo mini wani ƙoƙo ya ce aikina shi ne kwashe ruwan da yake tsattsafowa.

Da ya tura jirgin, sai na ga kamar gaɓa ce take gudu ta bar mu. Jiri ya ɗebe ni, na riƙe katako da hannu biyu, abokina yana ta yi mini dariya. Kawu ya ce in daina duban ruwan da ke kusa, in tsai da idona a kan wata goruba can nesa. Ba a jima ba kuwa jirin ya tafi. Daga nan ne na fara jin daɗin da ake faɗa. Ba ƙarar mota, ba ƙura, ba gargada, sai ƙarar gwangwala tana shiga ruwa tana fita. Lalle gani ya kori ji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a ranar farko shi ne yadda Kawu yake karanta ruwa kamar yadda muke karanta allo. A idona duk ruwan ɗaya ne. Shi kuwa ya san inda yake da zurfi, da inda tudun yashi yake ɓoye, da inda kututture yake kwance. Yakan gane ta launin ruwan, da irin ciyawar da ta fito a wurin, da yadda iska take kaɗa samansa. Manyan jiragen teku suna da taswira da na'urori masu auna zurfi, shi kuwa taswirarsa tana cikin kansa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

A rana ta biyu muka yi sammako don mu ga tsuntsaye. Hazo ya kwanta a kan ruwa, sanyi kuwa har cikin ƙashi, domin ɗarin bakin ruwa ya fi na tudu. Da rana ta ɗaga sai ga su. Ga dinya, ga kirinjijiya garke-garke suna tashi suna kuka kamar busar usur, ga zalɓe tsaye shi kaɗai yana dakon kifi, ga balbela fari fat a kan itatuwa. Ban da waɗannan 'yan gida, akwai baƙi, watau wasu ƙananan agwagin ruwa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba a ganinsu sai da ɗari. Daga Turai da arewacin Asiya suke zuwa, su ƙetare teku da hamadar Sahara, su yi watanni a nan, sa'an nan su koma wajen Maris su yi ƙwai a can. Kawu ya ce sun taɓa samun wani da zobe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Masana ne suke sa irin wannan zobe don su gane hanyar da tsuntsu yake bi. Sai na tuna da jirgin da Malam ya nuna mana, na ce wa abokina, "Ashe su ma gudun sanyi suke yi kamar masu ƙasarsu, sai dai su ba sa biyan ko kwabo."

Saboda waɗannan tsuntsaye ne duniya ta san da wannan wuri. A shekarar 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila Elizabet, ya zo Dagona a ƙasar Bade don ya gan su. Akwai kuma wata yarjejeniya ta kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekarar 2000, shi ne tafkin Nguru da rafin Marma. A 2008 aka ƙara da dajin Baturiya da ke ƙasar Kirikasamma, a nan Jihar Jigawa. Na ji kunya ƙwarai da na ga baƙi daga nesa sun san darajar wurin, ni kuwa ɗan jihar ban taɓa jin labarinsa ba.

Mutanen wurin kuwa ba kallon tsuntsu ne ya dame su ba, abinci suke nema, kuma ruwan nan shi ne gonarsu da kasuwarsu. Na ga masunta suna jefa birgi, wasu suna duba mali, watau tarkon kifi, wasu kuma suna ninƙaya a kan gora da koma a hannu. Suna kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. A sansaninsu mata da yara suna banda, hayaƙi ya turnuƙe. Nan na gane cewa bandar da Inna take saye a kasuwarmu ta sa a miyar kuka, daga irin wannan wuri take fitowa, ta bi ta kasuwar kifi ta Haɗeja. Daɗin daɗawa, fili guda yakan yi amfani uku a shekara. In ruwa ya cika a noma shinkafa a kama kifi, in ya fara janyewa a bi danshi a yi shuka, in an girbe kuma Fulani su kawo shanu su ci ciyawa. Hausawa da Mangawa da Badawa da Fulani duk a kansa suke ci.

Amma akwai wani abu da ya ɓata mini rai, shi ne kacala. Wata doguwar ciyawa ce da take tsirowa cikin ruwa, ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus kamar bango. Mun shiga wata hanya muka yi kusan sa'a guda muna tafiya, sai muka tarar ta toshe, dole muka juyo. Kawu ya ce lokacin ƙuruciyarsa ta nan ake bi da jirage cike da kaya. Na tambaye shi abin da ya kawo ta, ya ce, "Tun da aka ɗaure ruwa a Kano, kogi ya daina hutawa." A lokacin ban fahimta ba, sai da na dawo makaranta Malam ya warware mini.

Ga yadda abin yake. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. An yi su ne don noman rani da ruwan sha, kuma suna da amfani mai yawa ga jama'a. To, amma kafin a yi su, kogi yakan kawo babbar ambaliya da damina, wadda take share yashi da laka daga hanyoyin ruwa, da rani kuma ya ƙafe, duk ciyawar da ke cikinsa ta bushe ta mutu. Bayan madatsun sai ambaliyar ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Ita kuwa kacala abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta taru, hanya ta toshe. In hanya ta toshe, ruwa ya rasa inda zai bi, sai ya malale cikin gonaki da gidajen wasu, wasu kuma da ke gaba su rasa shi. Har wa yau a cikinta jan-baki yake kwana, wanda yake cinye shinkafa, a cikinta kuma sauro yake hayayyafa. Na ga samari sun yi gayya, ruwa iya ƙirji, suna saran ta da lauje da adda don su buɗe hanya. Aiki ne mai wuya, kuma in an sare ba ta daɗewa ta sake tohowa.

A rana ta uku ne abin da ba zan manta ba ya faru. Mun tafi wata kasuwa a wani gari da ke can ƙetaren ruwa. Da za mu komo sai Kawu ya ga wani katako na jirginmu ya buɗe, yana shan ruwa fiye da kima, sai an toshe an bar shi ya kwana. Rana ta yi yamma. A mashigin kuwa akwai wani babban jirgin fito mai inji yana lodi zuwa ƙauyenmu. An sa buhunan hatsi, an sa babura, an sa awaki, mutane kuma sai ƙara shiga suke yi. Ni kuwa duk na ƙosa, domin washegari da sassafe nake so in kama hanyar gida, kuma kuɗina sun kusa ƙarewa. Na ce, "Kawu, mu shiga wannan mana, ai kowa ma shiga yake yi." Abokina ya taɓa ni don in yi shiru, ban ji ba, na sake maimaitawa, har na fara tattara kayana.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni gefen jirgin, ya sa yatsunsa tsakanin bakin katako da ruwa, ya ce, "Ƙirga." Yatsa huɗu ne. Ya ce, "Wannan shi ne abin da ya rage tsakaninsu da ruwa, ga dare yana zuwa, ga kacala a hanya. Ubanka amana ya ba ni. In ka shiga, me zan ce masa?" Sai na tuna sharuɗɗan Baba, na ga ina shirin karya biyu a lokaci guda. Jikina ya yi sanyi, na ajiye kayana. Muka kwana a bukkar wasu masunta, suka ba mu tuwon shinkafa da miyar kifi.

Da safe muka ji jirgin nan ya isa lafiya. Sai na ce, "To, Kawu, ai ga shi sun isa." Ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma ba kullum ake kwana a gado ba." A hanya abokina ya tuna mini da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgin fito ya kife a madatsar Watari da mutane fiye da ƙarfinsa, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Girman jirgi ma ba ya hana haɗari. Titanic shi ne jirgin da ya fi kowane girma a zamaninsa, amma ya nitse a 1912 a tafiyarsa ta farko, mutane fiye da 1,500 suka halaka, domin ƙananan jiragen ceto da ke cikinsa ba su ishi kowa ba. Wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku a 1914. A manyan jiragen shaƙatawa, kafin a tashi sai an nuna wa kowane fasinja rigar kariyarsa da inda zai nufa in wani abu ya faru. Abin da Kawu ya yi mini ran farko ke nan, ko da yake shi bai taɓa ganin teku ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk ɗalibin da yake sha'awar irin wannan tafiya. Da farko ya nemi izinin iyayensa, kada ya ɓoye musu cewa ruwa za shi. Na biyu, ya tafi da abokin da yake ɗan wurin, wanda manyansa za su ɗauki nauyinsa. Na uku, ya zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, domin ambaliya ta wuce, hanyoyin mota sun buɗe, tsuntsaye kuma sun zo. Na huɗu, ya riƙi rigar sanyi da gidan sauro da ruwan sha mai tsabta, kuma ya guji wanka a kwantaccen ruwa, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. Na biyar, kada ya shiga jirgi ba rigar kariya, kada ya shiga wanda aka cika, kada ya shiga da dare, ko da kuwa kowa yana shiga.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙonsu da ladabi, in yaro ya nemi irin wannan izini, su bincika hannun da za su ba da shi, in sun gamsu su bar shi ya je. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Darasin koguna da na yi shekara biyu ina haddacewa ban gane ba, kwana uku a kwalekwale suka fahimtar da ni. Ga hukumar makarantarmu, da za a shirya wa ƙungiyar labarin ƙasa ziyara zuwa Baturiya, da an taimake mu ƙwarai. Cikinmu ne za a samu injiniyoyin ruwa da malaman gona na gobe, kuma wanda bai ga kacala da idonsa ba, ba zai damu da neman maganinta ba.

Na isa gida da kwana guda a kan wanda na faɗa, na tarar Inna ta kasa cin abinci. Na ba ta ƙunshin bandar da mahaifiyar abokina ta aiko mata, na kuma gaya wa Baba dalilin jinkirina, ban rage kome ba, har da gardamar da na yi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ɗauki waya ya kira Kawu ya yi masa godiya. Abokina kuwa na yi masa alkawari, hutun damina shi zai biyo ni Sule Tankarkar, in koya masa jan ruwa a rijiya mai zurfi, in kai shi Maigatari ya ga raƙuma, domin ya ce bai taɓa hawa ba.